Awon Inna a Tsaye

Kojima, 8 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Kanae,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya kafaɗar taki? Ina jin can Sendai an fara samun iska. Mu nan zafi bai ɗaga mana ƙafa ba tukuna.

Rubutowa na yi, ban kira ba, saboda a waya kuka kike yi, ni kuma da na ji kuka sai in shiga lallashi in manta abin da ya sa na kira. A takarda ba mai katse ni.

Ga inda ake ciki. Aikin da aka yi wa Inna a ƙashin ƙugu ya yi kyau. Shekaranjiya aka mayar da ita asibitin gashin ƙashi, hawa na uku. Kwana casa'in za ta yi a can, ba ƙari. Idan kafin su cika ta iya tashi daga gado ta kai kanta banɗaki ta dawo ba wanda ya riƙe ta, za a sallamo ta gida wurina. Idan ba ta iya ba, likita ba zai yarda ta riƙa wuni ita kaɗai ina wurin aiki ba. Sai gidan tsofaffi.

Yaya Norihisa har ya karɓo takardun gidan tsofaffin. Kwana biyu da kai ta! Yana yawo da su a mota, da hatiminsa a aljihu, wai don kada gurbi ya wuce mu. Mu uku Inna ta haifa, ya ce ba zai buga hatimi ba sai biyu sun yarda. Kin san inda na tsaya. Saura ke. Zai kira ki da muryar nan tasa ta mai haƙuri da duniya. Abin da nake roƙo kawai, kada ki ba shi amsa sai kin ji nawa.

Inna kuwa ba ta taimaka mini ko kaɗan. Mai yi mata gashin ƙashi, wata Kuroda, mace ce mai kirki, amma tana yi wa Inna magana kamar 'yar shekara uku: "Kaka, mu ɗaga ƙafa mu gani! Yauwa, Kaka ta yi ƙoƙari!" Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ni ban haifi uwarki ba." Ta juya wa bango. An rubuta a takardarta cewa ta ƙi motsa jiki.

Jiya na kai mata inabi, ko kallonsa ba ta yi ba. Rigar barcin asibitin take kallo, mai 'yan furanni, sai ta ce, "Chizuru, ki yanka mini jins."

Na ɗauka kunnena ne. Shekara arba'in da ɗaya matar nan ta yi a kan keken ɗinki tana ɗinka aljihun baya na wandon jins. Ke kin taɓa ganin ta sa ko ɗaya? Ranar da na fara sa nawa, ce mini ta yi na yi kama da mai gyaran famfo. Yanzu tana da tamanin da ɗaya, da ƙarfe a ƙugu, shi take so.

Na ce, "Inna, jins a gadon asibiti?"

Ta ce, "Ke tela ce ko likita?"

Ni ba tela ba ce, shekara talatin ina gaya mata. Ni nake zana awo a takarda, in fitar da yanka, teloli su bi. Amma a wurinta duk wanda ba ya taka keke zaman kashe wando yake yi.

Zan yi mata. Shi ne abu na farko da ta nema tun da ta faɗi.

Ki gaida yara. Ki riƙa gasa kafaɗar da ruwan ɗumi.

Yayarki,
Chizuru


Kojima, 21 ga Satumba

Kanae,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso: wanduna uku masu roba a ƙugu, ruwan toka, ruwan ƙasa, da wani launi da ban san sunansa ba. Na gode. Suna nan cikin kwalinsu. Kafin ki ji haushi ki karanta, don na fi ki laifi.

Na yi wandon. Ban auna ta ba, wai kada in wahalar da ita. Daga tsohon siket ɗinta na ɗauki awo. Na zaɓi yadi mara nauyi mai ɗan miƙewa, na sa roba a bayan ƙugu, na ɓoye ta yadda ba za a gani ba. Sai na kai ma'aikatar Yaya. Kin san aikinsu, sabon wando ya shiga ya fito kamar an shekara biyar ana sa shi. Bai ba ma'aikata ba, da hannunsa ya yi. Ya wanke shi da duwatsu har ya yi laushi kamar tawul, ya bi cinya da gwiwa da samfefa, ya fitar da fararen layukan nan da tafiya da zama ke barin wa wando. Gaskiya ya yi kyau. Rabon da ni da Yaya mu tsaya kan abu ɗaya muna murmushi tun bikinki.

Ranar Lahadi muka kai mata tare. Ta shimfiɗa shi a cinya. Aljihun baya ta fara dubawa, kin san dole, ta bi ɗinkin da farce. Ta ja ƙugun, robar ta miƙe ta koma. Sai ta ɗora yatsa kan farin da ke gwiwa.

"Gwiwar wa ce wannan?"

Yaya ya ce, "Ado ne, Inna. Haka ake yi yanzu."

"Na san yadda ake yi, a gabana aka fara. Tambaya na yi. Gwiwar wa ce? Ni ba ni da tawa?"

Na ce mata ɗanyen yadi, wanda ba a wanke ba, tauri gare shi kamar kwali, zai goge mata fata, kuma kafin ya yi irin wannan kyan sai an shekara biyu ana sa shi kullum.

Ta ce, "Shekara biyu."

Na ce, "Aƙalla."

Ta ce, "Shi ne kuka taƙaita mini."

Ta ninke shi tsaf, irin ninkin da ake kaiwa kanti, ta miƙa wa Yaya ta ce, "Ka kai wa mai sauri."

A wurin ajiye motoci na zazzage wa Yaya duk abin da ke cikina, shi da bai yi komai ba sai abin da na sa shi. Kwana uku na kashe a kan wandon nan. Na zo gida ina cewa tsohuwar nan ba ta taɓa ganin alheri ta gane shi ba. Sai da na wanke kwanuka, na zauna, sannan abin ya iso ni.

Ina da kanta guda cike da littattafai a kan tsufa, na likitoci da na masu hikima, tun rashin lafiyar Baba nake tara su. Babu ɗaya cikinsu da ya hana ni yin abin da na yi. Ba mu taɓa zama mun faɗa da baki ba, amma mun gama yanke cewa Inna ba ta da shekara biyu. Yaya da takardunsa, ke da kwalinki, ni da robata. Magana ɗaya muka gaya mata. Ni ce kuma ke yawo ina cewa ina bayanta.

Yaya ya ce ya kira ki, kin ce, "Duk abin da kuka ga ya dace." Wannan ba amsa ba ce, Kanae, guduwa ce. Amma tunda ba ki ce i ba, zan ɗauka har yanzu kina saurarona.

Gobe zan koma da tef ɗin awo.

Taki,
Chizuru


Kojima, 5 ga Oktoba

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kafaɗar ta yi sauƙi. Nan ma an samu sanyin safiya, har na ciro bargo.

Na je da tef da alli da littafin awo. Na ce ta kwanta yadda take, in auna ta a hankali.

Ta ce, "Gawa ake aunawa a kwance. Ja labule. Miƙo mini ƙarfen can."

Ƙarfen dogarawa take nufi, wanda Kuroda ta ajiye gefen gado mako biyu ba a taɓa shi ba. Na ja labule. Ta zuro ƙafafu, ta kama ƙarfen, ta miƙe. Kanae, ta miƙe! Gumi yana bin wuyanta, amma tana tsaye. Na san da na ce "yauwa" zama za ta yi. Na durƙusa na yi aikina. Ƙugu, mazaunai, cinya, hantsa gaba da baya. Daga ƙasa zuwa inda kwankwasonta ya fi faɗi, santimita saba'in da huɗu. Minti ɗaya, ta zauna.

Sai na ce na manta ban rubuta cinya ba.

Ta ce, "Shekara talatin, ba ki iya riƙe lamba ɗaya a kanki ba." Ta sake tashi.

Washegari na koma na ce akwai abin da nake son tabbatarwa. Rana ta uku ma haka. Ta san abin da nake yi, na san ta sani. A rana ta huɗu minti shida ta yi a tsaye ba ta lura ba, saboda muna faɗa a kan aljihu.

Bari in gaya miki yankan, ko da ba za ki gane rabi ba. Ita matsattse ta so, irin na 'yan mata. Na ƙi. Ɗanyen yadi ba ya miƙewa, ita kuma an hana ta sunkuyawa, da me za ta ja shi? Miƙaƙƙe na yanka, faɗi ɗaya daga cinya har ƙasa. Ƙugun na ɗaga shi sama da cibiya don ya tsallake wurin aikin. Kin san keken ɗinki ya lanƙwasa mata baya, duk wandon kanti zai buɗe mata baki ta baya ya soke ta a ciki. Don haka na ƙara santimita biyar a baya, na rage biyu a gaba. Ɗinkin gefe na matso da shi gaba kada ya hau kan tabon, 'yan ƙusoshin jan ƙarfen da ake bugawa a bakin aljihu kuma na cire na hagu.

Aljihun baya ne yaƙin. Na ce babu, saboda mai yawan zama ɗinki yana yi masa gyambo. Ta ce, "Wando ba aljihun baya ai siket ne da ya rabu biyu." Muka tsaya a kan zan sa, amma sama kaɗan. Ta karɓe allin ta zana wurin da kanta a jikin takardar, ta gyara mini kusurwa. Daidai ta gyara, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Zif ma ba zai yiwu ba, in yadi ya tsuke sai ya yi tudu-tudu. Maɓalli na sa, uku maimakon biyar, na faɗaɗa ramukan saboda yatsunta.

Yadin daga tsohon injin saƙa ne, da jan zare a bakinsa, bai taɓa ganin ruwa ba. Irin wannan sai an yi masa ƙari, don ruwan farko yana cinye shi. Na ƙara biyar a ƙugu, bakwai a tsayi. Hatsumi ce ta ɗinka, wadda Inna ta koya wa aljihu. Matar da ta haura sittin, da jikoki, da ta ji wa zai duba aikin sai da ta warware aljihun dama sau biyu.

Jiya na juya shi ciki waje na jiƙa a bahon wankanmu, ruwan ɗumi, awa ɗaya. Masu son abin a jikinsu suke jiƙawa, su zauna cikin ruwan da shi, amma tabon Inna bai kai nan ba. Na shanya a inuwa. Yau na auna, ƙugun ya dawo daidai, ko zare bai kauce ba. Na tsayar da shi a tsakar ɗaki ya tsaya da kansa.

Ƙafafun ban kalmasa ba, naɗewa za a yi tukuna. Ta hagu, wadda aka yi wa aiki, ta ɗan gaza ta dama, kuma ba a yanke tsayin wando sai mai shi ya tsaya sosai da takalmin da zai riƙa sawa.

Ki zo ki gan ta mana.

Yayarki,
Chizuru


Kojima, 12 ga Nuwamba

Kanae,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma muna nan.

Yaya ya gaya mini kin yarda. Biyu ke nan. Ranar ashirin ga wata za a zauna da likita, a nan zai buga hatimi.

Jirgin ƙasa awa biyar da ɗoriya ne daga Sendai. Wata biyu ba ki samu awa biyar ba, amma kin samu minti biyar a waya kin yanke inda uwarki za ta ƙare. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, don abin da zan ƙara ba ya gogewa.

Duk da haka ba zan yi miki ƙarya ba, takardun asibitin suna bayanku. Tun goma ga Oktoba Inna take sa wandon, kullum. Da kanta take sawa, a kwance, da wata doguwar sanda mai ƙugiya, minti ashirin tana fama, ba ta yarda a taimaka. In ta gama sai ta zauna a keken marasa lafiya a gefen gado, a sandare kamar turke. Da Kuroda ta shigo sai ta rufe ido. Kowace rana kalma biyu ake rubutawa: ta ƙi.

Na roƙe ta. Ni, da ban taɓa roƙonta komai ba. Na ce, "Inna, taku goma kawai a gabansu." Ta ce, "Ba zan yi tatata a gaban mutane ana tafa mini ba." Na ce to za a kai ta inda ba ta so. Ta ce, "Ki gyara wuyan rigarki, ya karkace."

Yaya ya zo ɗakin aikina ranar Laraba. Na shirya masa tsaf. Bai yi musu ba, tsayawa ya yi yana taɓa almakashina, ya ce, "Awa huɗu ta yi a ƙasan kicin, Chizuru. Ke kina wurin aiki. Ni na ɗaga ta. Ba zan iya sake buɗe ƙofar nan in same ta haka ba." Har yanzu maganar tana cina, shi ya sa nake jin haushin kowa.

Kamar wannan bai isa ba, shugabar nas-nas ta tare ni a ƙofa. Cikin ladabi, har da sunkuyawa, ta ce wandon yana zuba. Zanin gado ya yi shuɗi, matashin keke ya yi shuɗi, ƙarfen gado, har ƙofar banɗaki. In tafi da shi gida, ko in wanke shi sau uku in dawo da shi. Sabon shuni ai haka yake, duk abin da ya goga sai ya bar masa alama, kowa a garin nan na masu jins ya sani, farar kujera ba ta daɗewa a gidajenmu. Inna ta jiyo mu ta ce duk wadda ta kai shi ruwa ta shirya sa shi da kanta. Na roƙi alfarma zuwa ashirin ga wata. Bayan nan ai matsalar wasu ce.

Na fara haɗa mata kaya. Wandunanki uku suna ciki, a can irinsu ake so.

Chizuru


Kojima, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Kanae,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Na san Yaya ya gaya miki a waya cikin kalma uku, yadda ya saba. Ga yadda abin ya faru.

Na isa da wuri. A barandar hawa na uku na tarar da mai goge-goge tana dirzar bango tana mita. Ta ɗago ta ce, "Ke ce 'yar mai wandon nan? Kullum sai na goge, kullum sai ya dawo."

Na duba. Wani siririn layi ne shuɗi, da ƙyar ake ganinsa, daga ƙofar ɗakin Inna har tagar ƙarshen baranda. A ɗaya bangon ma akwai, na dawowa. Tef ba ya barin jakata. Na durƙusa na auna daga ƙasa: saba'in da huɗu. Na matsa gaba na sake: saba'in da huɗu. Wanda ke zaune a keke, taya ce ke taɓa bango, ba kwankwaso ba.

Na ce, "Yaushe?"

Ta ce, "Bayan abincin rana, in an tafi kai mutane wanka. Ni ba ruwana, bango aka ba ni."

A ɗakin taro akwai likita, da Kuroda, da shugabar nas-nas, da Yaya da takardunsa, hatimi a kan tebur. Inna a kekenta tana kallon silin. Na faɗi abin da na gani. Likita ya saurara da kyau, ya ce bango ba shaida ba ne. Ban ga laifinsa ba.

Sai na juya na ce, "Yaya, shekara talatin kana ƙirƙira wa wando tafiyar da bai yi ba. Durƙusa ka duba wannan."

Ya dube ni, sai ya durƙusa a gaban Inna. Wanda ya wuni a zaune, a gaban cinya kawai yake samun layi, ka tambayi kowane ma'aikacinsa. Yaya ya shafa tsakanin gwiwoyin, inda ƙafa ke gogar ƙafa, wurin ya fara sheƙi. Ya ɗaga naɗin ƙasa, bayan dunduniya ya ci. Ya taɓa gefen kwankwaso, shunin ya yi haske a duka ɓangarorin. Ya daɗe a nan.

Ya ce, "Sau nawa a rana?"

Inna ta ce, "Ɗauke hannunka daga ƙafata."

"Inna."

"Shida."

Sai ya zauna a ƙasa daɓas, da kwat ɗinsa. Kuroda ta rufe baki da hannu. Shugabar nas-nas ta fara maganar hatsari, in da ta faɗi fa, kuma tana da gaskiya. Likita ya ce ya ji, amma ba zai iya rubuta abin da bai gani ba, ko Inna za ta daure ta nuna musu? Inna ta ce ita ba birin wasa ba ce. Ta rufe ido.

Hatimin yana nan inda yake.

Na ciro allurai daga jaka na ce, "To shi ke nan. Tunda tafiya za ki yi, bari in kama tsayin ƙafafun in kalmasa, a can ba mai yi miki. Zauna abinki, da ido ma zan iya."

Ido ɗaya ta buɗe. "A zaune ake kama tsayi a garinku? Wa ya koya miki aiki?"

Na ce sauri nake yi.

Ta ce, "Ina madubi?"

Babban madubin yana ƙarshen ɗakin motsa jiki, ƙofa ɗaya tsakani, ya kai mita ashirin. Kuroda ta yunƙura za ta tura keken, na kama hannun rigarta na raɗa mata cewa in ta tafa, ni da ita ne. Yaya, daga zaunen da yake, ya tura wa Inna ƙarfen dogarawa.

Ta tashi ta tafi. A hankali, tana ɗan jan ta hagu, wandon yana ƙara kamar ana murza takarda. Ba ta kalli kowa ba. Muka bi ta a baya kamar masu rakiya, har likita. A gaban madubi ta tsaya, na durƙusa na kama tsayin da allurai. Ta juya gefe. Ta juya baya, ta leƙa aljihun ta kan kafaɗa.

Ta ce, "Ta hagu ta fi tsayi da rabin santimita."

Na auna. Haka ne. Kuma ba da gangan na yi ba.

Ta ƙara kallon madubin, ta ja ƙugun da yatsa biyu, ta ce, "Bayan dai ba laifi."

Shekara talatin, Kanae. Sai da na ce zan je neman ruwa na fita.

Da na dawo hatimin ya koma aljihu. Huɗu ga Disamba za a sallamo ta. Za a kafa ƙarfen riƙewa a kicin da banɗaki, Yaya kuma ya ce zai riƙa cin abincin rana a gida. Ya ce don girkin Inna ne. Na bar shi a haka. Ranar Asabar ni da shi za mu je wanke bangon asibiti, shi ya san abin da ke fitar da shuni. Kalmasar kuwa ta ce ba ni zan yi ba, da kanta za ta yi a keken ɗinkinta. Likita ya ce ban da taka keke tukuna. Ta ce shi ba tela ba ne.

Abu na ƙarshe. Da nake taya ta cire alluran, na zaro cikin aljihun gaba. Kin san masu son jins sukan rubuta ranar da suka fara sawa a nan. Ta rubuta da biron nas: 10 ga Oktoba. A ƙasa, wankin farko, Afrilu. A ƙasan wannan, wanki na biyu, Oktoba. Rubutun ƙanana ta yi, daga can sama ta fara, ta bar wuri da yawa.

Ban huce ba tukuna, kada ki ɗauka na huce. Amma ki zo ranar huɗu. Da ƙafarki za ki zo, kada ki aiko kwali. Akwai sauran yadin, ya isa mutum ɗaya, kuma a tsaye zan auna ki.

Ki gaida maigidanki da yara.

Yayarki,
Chizuru